TARIHIN GEORGE LOVELESS DA IYALINSA (1797-1874): LEBURAN GONA, MAI WA'AZI, BAƘO A KANADA

A cikin wannan littafi na tunawa da cikar ikkilisiyarmu shekara 50, mun keɓe 'yan shafuka domin tarihin wani bawan Allah na wata ƙasa da wani zamani. Idan aka ambaci Turawan Ingila, abin da yakan zo mana a rai shi ne Razdan da Di'o, ko kuwa 'yan mishan da suka kawo asibiti da makaranta. Ba kasafai mukan tuna cewa su ma suna da talakawansu ba, masu kwana da yunwa, masu noma gonar wani har su mutu ba su mallaki ko kunya ɗaya ba. George Loveless ɗaya ne daga cikin irin waɗannan. Ba a taɓa naɗa shi fasto ba, bai taɓa zama a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Ranar Lahadi yana kan bagade yana wa'azi, ranar Litinin yana bayan garma. Mun zaɓe shi ne domin yawancin iyayenmu da suka ɗauki ƙasa da ruwa a ka suka gina masujadarmu ta fari manoma ne irinsa, kuma domin wahalar da ya sha ba shi kaɗai ta faɗa wa ba, ta faɗa wa gidansu gaba ɗaya.

ASALINSA DA GIDANSU

An haifi George Loveless a shekarar 1797 a wani ƙauye mai suna Tolpuddle, cikin gundumar Dorset a kudancin Ingila, kimanin mil 7 daga garin Dorchester. Mutanen ƙauyen a lokacin ba su kai 400 ba. Kusan dukansu leburorin gona ne. A ƙarshen ƙarni na 18 masu hali sun yi ta shinge filayen da dā kowa yake kiwo da itace a cikinsu, har ya zama talaka ba shi da inda zai ɗaure saniya ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ya sayar da ƙarfinsa mako mako. Gidan da yake ciki ma na mai gona ne, ran da aka kore shi daga aiki ran nan zai kwashe kayansa.

George ya shiga aikin gona tun yana yaro, ya zama gwanin huɗa da garmar dawaki. Karatu da rubutu kuwa da ƙoƙarin kansa ya same su, bayan an tashi daga aiki. A shekarar 1824 ya auri Elizabeth Sprachlett, kuma kafin 1834 Allah ya ba su 'ya'ya uku. Yana da ƙane, James Loveless, wanda aka haifa a 1808. 'Yar'uwarsu Diana kuwa ta auri wani lebura mai suna Thomas Standfield, babban ɗansu shi ne John. Muna roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye da kyau, gama za su yi ta dawowa har ƙarshen labari.

Wannan gida na 'yan Metodis ne. A Ingila ta wancan zamani, Ikkilisiyar Ingila ita ce ta hukuma, kuma a ƙauye limaminta da mai gona da majistare sukan ci a akushi ɗaya. Wanda ya bar ta ya bi Metodis, ana yi masa kallon mai taurin kai. A 1818 'yan Metodis na Tolpuddle suka gina 'yar ƙaramar masujada ta ginin ƙasa, kuma a ranar buɗe ta 'yan tauri suka bi masu wa'azin da suka zo da jifa. George da James duka biyu sun zama masu wa'azi marasa albashi, irin waɗanda Metodis suke aikawa ƙauyuka su riƙe sujada inda babu fasto. A can George ya koyi tsayawa a gaban jama'a, ya koyi tsara magana, ya koyi riƙe littafin kuɗi da shirya taro. Duk abin da ya yi daga baya, a cikin wannan 'yar masujada ya koyi yadda ake yinsa.

Ba a Dorset kaɗai ake takura wa irinsu ba. Thomas Birch Freeman, wanda ya sauka a Badagry a 1842 ya fara aikin Metodis a ƙasarmu, haifaffen Hampshire ne, maƙwabciyar Dorset. Shi ma mai aikin lambu ne kuma mai wa'azi marar albashi, kuma sai da ya bar aikinsa na lambu saboda maigidansa ba ya son wa'azin da yake yi.

ZANCEN SULE TARA

Dattawanmu da suka yi ciniki kafin canjin kuɗi na 1973 sun san sule, sun san kobo 12 ke yin sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya. A wajen 1830 ladan leburan gona a Tolpuddle sule 9 ne a mako. Da shi zai biya haya, ya sayi burodi da dankali da ɗan shayi da makamashi, ya tufatar da yara. Bai isa ba ko kusa, shi ya sa mata da ƙananan yara su ma suke fita gona. A wannan shekara ta 1830 leburori a kudancin Ingila suka yi bore, suna ƙona tarin ciyawa suna farfasa injunan sussuka. Hukuma ta murƙushe su, ta rataye wasu, ta kori ɗaruruwa zuwa Ostiraliya. George bai bi hanyar wuta ba. Ya jagoranci 'yan'uwansa suka je suka zauna da masu gonaki, a gaban limamin ƙauyen, Dokta Thomas Warren, aka yi alkawari za a biya su kamar yadda ake biya a maƙwabta, wato sule 10. Limamin ya ɗauki nauyin cewa shi ne shaida.

Alkawarin bai cika ba. Masu gonaki suka tsaya a kan sule 9, daga baya suka rage zuwa 8. Da leburori suka kai kuka Dorchester, aka ce musu doka ba ta tilasta wa kowa abin da zai biya, limamin kuma ya musanta cewa ya taɓa yin wani alkawari. Daga nan aka rage zuwa sule 7, aka kuma sanar da su cewa 6 na tafe. Wanda ya karanta Yaƙub 5:4 da Littafin Firistoci 19:13 ya san yadda Allah yake duban hakkin ma'aikaci. George ya san waɗannan ayoyi, kuma ya ga mai riƙe da Littafin ya juya musu baya.

A watan Oktoba na 1833 suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta leburorin gona. Kuɗin shiga sule 1, kuɗin mako kobo 1. Dokokinta sun hana tashin hankali, sun hana zagi da maganar banza a wurin taro. Sukan yi shawara a gindin wata babbar itaciya a dandalin ƙauye, wadda har yanzu tana nan, amma karɓar sababbin mambobi a ɗakin bene na gidan Thomas Standfield ake yi. Kafa ƙungiya irin wannan ba laifi ba ne, domin tun 1824 aka soke dokar da ta hana ƙungiyoyin ƙwadago. Sai dai sun bi al'adar ƙungiyoyin zamanin: a ɗaure wa sabon shiga idanu, a nuna masa zanen ƙwarangwal domin ya tuna da mutuwa, ya yi rantsuwa cewa ba zai tona asirin 'yan'uwansa ba.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, gama mun san wasu za su ɗaga gira. Ikkilisiyoyinmu sun daɗe suna yaƙi da ƙungiyoyin asiri, kuma koyarwar Ubangijinmu a kan rantsuwa a Matiyu 5 a fili take. Ba mu yaba wa wannan ɓangare ba, kuma ba za mu ce wa matasanmu su kwaikwaye shi ba. Amma gaskiya ta wajabta mu faɗi dalilinsa. Mutumin da aka san sunansa yana cikin ƙungiya, gobe ba shi da aiki ba shi da gida. Ɓoye sunaye shi ne kaɗai garkuwarsu. Ba tsafi a ciki, ba jini, ba niyyar cutar kowa, kuma ko a kotu ba wanda ya iya nuna cewa sun taɓa mutum ko dukiyarsa.

KAMU DA SHARI'A

Babban mai ƙasa a yankin, kuma majistare, shi ne James Frampton. Ya rubuta wa ministan harkokin cikin gida, Lord Melbourne, yana neman hanyar da zai karya ƙungiyar. Aka tono musu wata doka ta 1797, shekarar da aka haifi George, wadda aka yi domin sojojin ruwa da suka yi tawaye, mai hana rantsuwar ɓoye. Ranar 24 ga Fabrairu 1834, da sassafe George ya fito zai tafi gona, ɗan sandan ƙauye ya tare shi. Aka tattara mutum shida: George da James Loveless, Thomas Standfield da ɗansa John, da wasu samari biyu, James Hammett da James Brine. A ƙasa suka taka mil bakwai ɗin nan zuwa Dorchester. Aka aske musu kai aka kulle su.

A dubi Diana Standfield a wannan rana. Mijinta, ɗanta na fari, da 'yan'uwanta biyu ciki ɗaya, duka an tafi da su kafin rana ta yi tsaka, an bar ta da ƙananan yara. Matar James Loveless, Sarah, tana da ciki. Elizabeth matar George tana da yara uku. Da matan suka nemi taimakon da gunduma takan ba matalauta, majistarori suka hana su, cikinsu har da Frampton. Gudummawar ma'aikata daga wasu garuruwa ce ta riƙe waɗannan gidaje. Littattafan tarihi sun fi ambaton mazan shida, amma a ganinmu rabin nauyin matan nan ne suka ɗauka.

Tun suna tsare aka aiko wa George wani lauya da tayin cewa idan ya ba da sunayen sauran mambobi za a sake shi ya koma wurin iyalinsa. Ya ƙi. Aka yi shari'a ranar 17 ga Maris 1834 a gaban Alƙali John Williams. Cikin manyan mutanen da suka tantance ƙarar akwai Frampton da kansa, shugabansu kuwa William Ponsonby ne, surukin Lord Melbourne. Babban mai shaida Edward Legg ne, lebura ɗan'uwansu wanda ya shiga ƙungiyar. Da aka tambaye su ko suna da abin faɗa, George ya miƙa 'yar takarda inda ya bayyana cewa ba su ɓata sunan kowa ba, ba su taɓa jikin kowa ko dukiyarsa ba, sun haɗa kai ne domin kada su da matansu da 'ya'yansu su mutu da yunwa. Ranar 19 ga Maris alƙali ya yanke wa kowannensu korar shekara 7 zuwa ƙasashen fursuna na Ostiraliya, wato iyakar abin da doka ta yarda. Ya kuma nuna a fili cewa domin su zama abin tsoratarwa ga wasu ne ya yi hakan. Ana fita da su, George ya jefa wa jama'a wata takarda da ya rubuta baitocin waƙar 'yanci a kai, masu gadi suka tsince ta suka kai wa alƙali.

James Hammett fa? Ana da ƙwaƙƙwaran dalili cewa ba ya ma wurin taron da aka yi shari'a a kansa. Ɗan'uwansa John ne ya je, matar John kuwa tana gab da haihuwa. James ya yi shiru ya ɗauki hukuncin.

A ƘASAR FURSUNA

George ya kamu da rashin lafiya a kurkuku, saboda haka aka raba shi da sauran. Su biyar aka kai su Portsmouth, aka ajiye su a tsofaffin jiragen ruwa da aka mayar gidan yari, daga nan jirgin Surrey ya kai su Sidni a watan Agusta. Da George ya ji sauƙi aka bi da shi da mari a ƙafa. A garin Salisbury mai rakiyarsa ya so ya cire masa marin domin kada mutane su yi ta kallonsa, George ya ce a bar shi, tun da ya san bai yi abin kunya ba. Jirgin William Metcalfe ya tashi da shi ranar 25 ga Mayu 1834, ya isa Hobart ranar 4 ga Satumba, a tsibirin da ake kira Van Diemen's Land, wato Tasmaniya ta yau. Gwamna George Arthur da ma'aikatansa suka matsa masa ya faɗi asirin ƙungiyar, suka tarar ba wani asiri sai zancen sule bakwai. Aka sa shi aikin hanya tare da fursunoni masu sarƙa na ɗan lokaci, sa'an nan aka mayar da shi gonar gwamnati a New Town yana kiwon dabbobi.

Sauran an rarraba su ga masu gonaki kamar kaya. Thomas Standfield, wanda ya fi su shekaru, aka kai shi daji kiwon tumaki kusa da Maitland, yana kwana cikin wani ɗan akwatin katako. Allah cikin jinƙansa ya sa aka ajiye ɗansa John ba nisa da shi, har ya riƙa zuwa duba shi, ya same shi duk jiki gyambo. James Brine kuwa 'yan fashin daji suka tare shi a hanya suka ƙwace masa takalma da bargo.

A Ingila kuwa magana ta ƙi mutuwa. Ranar 21 ga Afrilu 1834 dubban ma'aikata suka taru a filin Copenhagen a Landan, suka yi jerin gwano cikin natsuwa da takardar koke. Domin kada a ce mun yi wa Ikkilisiyar Ingila kuɗin goro, sai mu faɗa cewa wani limaminta, Dokta Arthur Wade, yana sahun gaba sanye da rigarsa ta aiki. Abin baƙin ciki shi ne shugabannin Metodis na ƙasa, waɗanda George ya yi wa ikkilisiyarsu hidima shekara da shekaru ba ko kobo, ba su buɗe baki domin sa ba. Suna tsoron kada hukuma ta ɗauke su masu tada zaune tsaye. Wannan shiru ya zama tabo a tarihinsu, kuma duk majalisar dattawan da ta taɓa kawar da kai daga ɗan ikkilisiya domin wanda ya zalunce shi babba ne, ta san irin wannan tsoro.

Hannu kimanin 800,000 aka sa a takardun koke. A majalisa Thomas Wakley da wasu suka yi ta tada maganar. Abin da ya karya gwamnati shi ne da aka nuna cewa ɗan'uwan Sarki, Duke na Cumberland, shi ne shugaban ƙungiyar Orange, wadda ita ma take rantsar da mambobinta a ɓoye. Ko dai a kama ɗan sarki, ko a saki leburori. A watan Maris 1836 sabon minista, Lord John Russell, ya ba da cikakkiyar gafara ga dukansu shida.

George a jarida ya ga labarin. Amma kafin nan hukumar tsibirin ta riga ta lallashe shi ya rubuta wa Elizabeth ta taso da yara ta same shi. Da aka ba shi izinin shiga jirgi kyauta, sai ya ƙi tafiya har sai ya tabbata ba ta riga ta taso ba, kada su yi saɓani a teku, shi yana Ingila ita tana Hobart ba ta san kowa ba. Ya ƙara watanni a ƙasar da aka wulakanta shi saboda matarsa. Sai ranar 30 ga Janairu 1837 ya shiga jirgin Eveline, ya sauka Landan a watan Yuni. Ƙanensa James, da Standfield uba da ɗa, da Brine, suka iso Plymouth a watan Maris 1838. Hammett sai a 1839.

ZAMAN ESSEX

George ya rubuta ɗan littafi mai suna The Victims of Whiggery a 1837, inda ya ba da labarin shari'ar da azabar fursunoni, ribar kuwa aka ba iyalan. Kwamitin da ya tsaya musu a Landan ya tara kuɗi ya kama musu hayar gonaki a gundumar Essex: ɗaya a Greensted domin gidan Loveless da Brine, ɗaya a High Laver domin gidan Standfield. A 1839 James Brine ya auri Elizabeth, 'yar Thomas da Diana Standfield, a tsohuwar majami'ar katako ta Greensted. Da wannan aure biyar daga cikin shidan suka zama dangi ɗaya.

Ba su sami sakewa a Essex ba. Sun kafa reshen ƙungiyar Chartist, masu neman a ba kowane namiji baligi ƙuri'a, talaka da mai kuɗi. Limamin Greensted ya hau bagade ya yi wa'azi a kansu, yana kiransu tsofaffin fursunoni da aka kawo su ɓata ƙauye. Masu ƙasa suka haɗe musu kai. Gonar haya ce, kuma sun ga alamar ba za a sabunta ba. George ya kusa shekara 50, ya gane cewa a Ingila 'ya'yansa za su girma ne da sunan 'ya'yan ɗan kurkuku, a gonar wani.

HIJIRA ZUWA KANADA

A 1844 George da James Loveless da James Brine suka kwashi iyalansu suka haye tekun Atlantika. Gidan Standfield suka bi su bayan kamar shekara biyu. Wannan karo ba mari a ƙafa, da kansu suka zaɓa. Suka zauna kusa da wani gari wanda shi ma sunansa Landan, a yankin da yanzu ake kira Ontario. Ƙasa ce ta kurmi da sanyi mai tsanani, sai an sare itatuwa an tumɓuke kututture kafin a ga wurin shuka. George ya sami gona mai eka 100. Mutumin da aka kora zuwa bangon duniya saboda ya nemi sule 10, ga shi yana huɗa ƙasar da take tasa.

Suka kuma yi wani alkawari a tsakaninsu, cewa ba za su gaya wa kowa a Kanada abin da ya faru ba. Sun riƙe shi ƙwarai, har yaran da aka haifa a can suka girma ba su san iyayensu sun taɓa sa kayan fursuna ba. Maƙwabta sun san George a matsayin dattijo mai son furanni, mai koyar da Littafi Mai Tsarki a gidansa. Wasu marubuta suna ganin wannan shiru kamar ja da baya ne. Mu ba mu gan shi haka ba. Ya riga ya faɗi gaskiya a kotu, ya faɗa a gaban gwamna, ya buga ta a littafi da sunansa. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ya ba 'ya'yansa suna mai tsabta a sabuwar ƙasa. Duk da haka akwai hasara a ciki, gama jikoki sun rasa jin labarin daga bakin masu shi, sai a farkon ƙarni na 20 suka ji daga bakin baƙi.

Aikin Ubangiji kuwa bai ajiye ba. Yana cikin waɗanda suka gina majami'ar Metodis ta Siloam kusa da gonarsa a 1857. Ikkilisiyar da shugabanninta suka yi shiru ranar da yake cikin sarƙa, ita ya ci gaba da yi wa hidima har tsufa. Bayan haɗewar ikkilisiyoyi ta 1925 Siloam ta shiga Haɗaɗɗiyar Ikkilisiyar Kanada.

Ƙanensa James ya zama mai kula da majami'ar Metodis ta titin North a cikin Landan ta Kanada, ya rasu a 1873. Thomas Standfield ya rasu a 1864. John Standfield, yaron nan da ya riƙa duba mahaifinsa a dajin Ostiraliya, ya zama mai otal, mai koyar da ƙungiyar mawaƙa, har aka zaɓe shi shugaban ƙaramar hukumar Landan ta Gabas, ya rasu a 1898. James Brine ya yi noma kusa da St Marys, shi ne ya fi su daɗewa, ya rasu a 1902.

James Hammett kaɗai ne bai tafi ba. Ya koma Tolpuddle a 1841 ya kama aikin gini. A 1875 ƙungiyar leburorin gona ta ƙasa, wadda Joseph Arch ya kafa a 1872, shi ma mai wa'azin Metodis ne, ta karrama shi da agogon zinariya. Da ya tsufa ya makance, sai ya kai kansa gidan gajiyayyu na Dorchester domin kada ya zama wa iyalinsa kaya. A can ya rasu a 1891, aka binne shi a maƙabartar majami'ar Tolpuddle.

Sai a 1912 'yan Metodis suka kafa ƙofar tunawa da mutanen shida a gaban masujadarsu ta Tolpuddle, shekara 78 bayan shari'ar. A 1934 babbar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya ta gina gidaje shida a ƙauyen domin tsofaffin leburorin gona, kowane gida da sunan ɗaya daga cikinsu, ta kuma sa dutse a kabarin Hammett. A duniya an san su da Shahidan Tolpuddle, ko da yake ba wanda aka kashe a cikinsu, kuma kowace shekara a watan Yuli akan taru a ƙauyen ana tunawa da su.

Elizabeth Loveless ta riga mijinta komawa ga Ubangiji a 1868. George ya bi ta a 1874, yana da shekara 77. An binne su a maƙabartar Siloam, kusa da Thomas da Diana Standfield. A kan dutsen kabarinsu ba a ambaci Tolpuddle ba, ba a ambaci Dorchester ko Hobart ba. Sunayensu ne da shekarunsu, da ayar nan ta Wahayin Yahaya 7:14.